Burtalin Garinmu da Shingen Baba

Jikana da ke aikin kula da tsofaffi a ƙasar Ingila, shi ya tayar mini da wannan zance. Ni da na ji an ce Ingila, na ɗauka bene ne bisa bene har inda ido ya ƙare, ashe yaron wani ɗan ƙauye aka kai shi, wanda in ka cire coci da kanti guda bai fi garinmu ba. Rannan ya kira ƙanwarsa a salula, ta kawo mini har tabarma, ya ce, "Tsohuwa, buɗe ido ki ga hanyar da nake bi zuwa aiki." Na ce, "Mai gidan, ka gudu ka bar ni ba cefane, yanzu kuma hanya za ka ba ni in ci?" Yana dariya ya juya salular. Sai na ga wata ƴar siririyar hanya, shinge kore shar dama da hagu ya fi tsayin mutum, bayan shingen ga tumaki masu ƙiba suna kiwo ba mai tsaronsu. Na ce, "Kai, tsaya! Wannan ai burtali ne." Ya ce shi dai hanya ya sani, ɗan birnin Magariya, me ya sani. Na shiga jero masa tambaya: wa ke gyaran shingen, da wane itace aka yi shi, in wani wuri ya mutu a ina suke dasa sabo, ta cikin gona ko ta wajen hanya? Ya ce inji ne ke aske shi, kuma wata tsohuwa da yake kula da ita ta ce shingen ya girmi kakanta. Na ce, "Kuma hanyar ba ta tsuke ba?" Kafin ya ba ni amsa layin ya yanke, aka bar ni da tambayata a baki.

Garin da aka haife ni ƙarami ne, can tsakanin Magariya da Dungas, rijiya ɗaya, masallaci ɗaya, rumbuna a bayan gidaje kamar tsofaffi sun zauna hira. Abin da ke tashe mu da safe shi ne luguden tabarya da kukan jakin maƙwabcinmu, wanda bai taɓa makara ba. Daga bakin rijiya burtali ya miƙe ya ratsa gonaki har ya fita daji ta arewa, kuma shi ne hanyar dabbobi tun kafin a haifi iyayenmu. Gefe da gefe an kafa masa shingen aguwa, wannan itace mai taushi da in ka karya shi yake zubar da farin ruwa kamar nono. Kullum ana ja mana kunne kada ya shiga mana ido, mu kuma kullum sai mun karya mun ɗiga a hannu mu ga yadda yake daskarewa. Cikin shingen nan duniya guda ce. Ƙadangaru na shan hantsi, bushiya na naɗe a gindi, kurciya ta yi sheƙa a sama, yaɗiya ta nannaɗe rassa muna tsinka mu kai gida a kwaɗa. In damina ta yi nisa, hatsi ya yi tsawo ya leƙo ta bisa shinge, sai ka shiga burtali ka ji sanyi da ƙamshin ƙasa, ba ka ganin kowa amma kana jin muryar masu noma ta kowane gefe. Yaran yanzu da ke wucewa a kan moto, wato babur, ƙarar injin ta cika musu kunne, ba su san hanya tana da nata sauti ba.

Ni kuwa tun ina ƴar mitsitsiya Allah ya ɗora mini tambaya. Me ya sa gawo ke zubar da ganye da damina alhali kowane itace na tohuwa? Ina kwaɗi ke zuwa in tabki ya ƙafe? Inna takan ce, "Wannan bakin naki ko barci kike yi ba ya hutawa, je ki tambayi ubanki." Baba kuwa mutum ne marar yawan magana, amma bai taɓa kora ta ba. In ya sani ya faɗa, in bai sani ba ya ce, "Bari in duba," kuma da gaske sai ya duba.

Gonar Baba ita ce ta farko in ka shigo burtali daga daji, doguwa ce, ta bi gefen hanyar da nisa. Daga ita sai ta yayansa, wanda muke kira Baba Babba, daga nan sai na sauran mutane har rijiya. Ƙasarmu rairayi ce, in ba taki ba ta ba ka komai. To Baba yana da Bafillacensa, kamar yadda ubansa ya yi da uban wannan Bafillace. Muna kiransa Baffa. Duk shekara in an gama girbi an kwashe amfani, sai Baffa ya gangaro da jajayen shanunsa masu dogayen ƙaho, ya kafa bukkoki a gonarmu. Shanu su ci kara su kwana a wurin, bayan ƴan kwanaki a matsar da su gaba, har gona ta samu taki kusurwa zuwa kusurwa. Baba ya ba shi damman hatsi, matarsa ta kawo wa Inna kindirmo da man shanu, safe da yamma kuma shanu su bi burtali su sha a rijiya. Ba takarda ba shaida, haka kowa ya taso ya tarar. Rumbunmu ba ya ƙarewa kafin sabon hatsi, kuma duk gidan mun san albarkacin shanun nan ne. Ni kuma abin da ya fi damuna ba taki ba ne, Dija ce, ƴar Baffa, sa'ata. Ita ta koya mini tatsa, ni na koya mata carafke, kuma ita kaɗai ce ba ta gajiya da tambayoyina don ita ma tana da nata. Ta taɓa tambaya ta yadda muke iya kwana shekara da shekaru a ɗaki guda ba mu gundura ba.

Wata damina ina raka kakata kai abinci gona, muka zo daidai gonar Baba Babba. Akwai wani ƙaton gawo a cikinta, can bayan shinge. Kaka ta tsaya tana haki ta ce, "Kin ga gawon can? Ran da aka kawo ni garin nan a gindinsa raƙumin kayana ya durƙusa, nan tsakiyar burtali, shanu na wucewa ta dama da hagunsa." Na dubi gawo, na dubi shinge, na dubi inda muke tsaye. Na ce, "Kaka, gawo yana tafiya ne?" Ta ce, "Ji shashanci, ina kika taɓa ganin itace ya yi tafiya?" Na ce, "To ya aka yi ya shiga gonar Baba Babba?" Sai ta ce in ɗauki ƙwarya mu wuce, fura na tsami. Da yamma na kai wa Baba maganar. Yana gyaran ƙotar hauya, ya dakata, ya ce, "Bari in duba." Amma aikin damina ya sha kansa, bai duba ba sai da abin ya faru.

Shekarar nan ruwa ya ɗauke da wuri a arewa, ciyawa ta ƙone, Baffa ya gangaro kafin lokacinsa. An yanke hatsi amma wake yana nan kwance a gonaki, ba a roro ba. Ya sauka a bakin daji, bai shiga gonar kowa ba, sai dai dole shanu su sha ruwa. Da hantsi ya koro su cikin burtali. Ina kan hanyar dawowa daga rijiya da tulu a kai na ji rugugin kofato, na raɓe jikin shinge. Shanun sun kwana biyu ba su sha sosai ba, sun ji ƙamshin ruwa, na baya na tura na gaba. A daidai gonar Baba Babba hanyar ta matse, ƙahon wannan ya sarƙe da na wancan, wani bijimi ya juya ya banke aguwa, shinge ya kwanta. Wayyo, kafin Baffa da yaransa su zagayo, rabin garken ya watsu cikin wake. Ina jin muryarsa har yau yana kiran shanun da sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Sun fitar da su, amma ɓarna ta riga ta auku.

Aka kai magana gaban mai gari. Mu mata da yara ba ma zuwa, a bakin Baba na ji yana faɗa wa Inna. Baba Babba ya yi ta faɗa, ya ce Fulani sun raina mutane, burtali ga shi sarari amma sai sun ci gonar talaka. Baffa ya ce shi tun yana yaro yake bin hanyar nan, a da shanu na jerawa da yawa kafaɗa da kafaɗa, yanzu biyu ba sa wucewa tare. Mutane suka yi masa caa, wa ya taɓa burtali, wa ya ga wanda ya matsar da shinge? Kuma gaskiyarsu, ba wanda ya taɓa gani. Mai gari ya yanke a ba Baba Babba maraƙi. Baffa ya kawo maraƙin da hannunsa ya ɗaure, ya koma wajen shanunsa. Washegari ya zo ƙofar gidanmu ya yi sallama, ya ce wa Baba, "Kaɗo, bana ba zan zauna ba." Haka yake kiransa cikin wasa, amma ran nan ba wasa a fuskarsa. Baba ya ce, "Haba, aboki, gonar ubanka ce fa." Baffa ya ce, "Gonar na nan, hanyar ruwa ce babu. In na zauna gobe ma sai an kai ni gaban mai gari." Suka ɗaura kaya a kan jakuna suka yi kudu. Dija ko sallama ba mu yi ba, na yi kuka har Inna ta yi mini tsawa.

Bayan an gama roron wake Baba ya ce in ɗauko masa butar ruwa in biyo shi. Muka shiga gonarmu, an kwashe komai, ƙasa ta fito fili. Ya tsaya a gindin shinge ya nuna mini yadda iska ke tara rairayi a wurin har ya zama ɗan tudu. Sannan ya ja baya cikin gona, ya durƙusa, ya kwantar da kai yana hange. Ya ce, "Zo ki gani." Na durƙusa kusa da shi. Ashe akwai wani ɗan tudun a miƙe cikin gona, daidai da shingen, bayansa akwai wani, bayansa kuma wani da ya kusa shafewa. Mu a lokacin ba ma huɗa, ba abin da zai yi kunya a gona. Baba ya zauna daɓas a ƙasa ya ce, "Inna lillahi. Nan shingen ubana yake, can na kakana." Na ce, "Wa ya matsar?" Ya ce, "Ni. Da ubana. Da kowa."

Ga yadda abin yake, don sai da ya warware mini na gane. Aguwa in ta tsufa gindinta kan yi sarari, awaki su riƙa kutsawa. Da bazara kafin ruwa ya sauka kowa sai ya sari rassa ya caccaka a ƙasa ya toshe, da ruwan farko sun kama. To ba a caka sabo a ramin tsoho, sai gabansa ko bayansa. Bayansa gonarka ce, wurin layin hatsinka na ƙarshe, wa zai caka a nan? Sai a caka ta gaba, tafin hannu guda, abin da ko akuya ba za ta lura ba. Tsohon ya mutu a share, hauya ta ƙarasa har gindin sabon. Na wancan gefen ma haka yake yi. Ba wanda ya yi niyyar sata, ba wanda ya tashi da dare, kowa gyara yake yi tsakaninsa da Allah, kuma a haka aka cinye hanyar da rana tsaka ana yi wa juna sannu da aiki.

Baba ya je ya samu yayansa, ni kuma na bi shi da hujjar kai wa matar yayan rariya, na laɓe a bakin zaure. Ya ce, "Yaya, Bafillacen nan gaskiya ya faɗa. Gawon gonarka a burtali yake da." Baba Babba ya ce, "To sai me? Ni haka na gada." Baba ya ce, "Mu koma da shinge inda yake, in mu biyu muka fara sauran za su bi." Baba Babba ya yi wata dariya da ba ta yi mini daɗi ba, ya ce, "Kai ne ƙarami, kai za ka koya mini iyakar gonar ubanmu? Bakuna nawa nake ciyarwa? In kana da ƙasar kyauta, ka bayar da taka." Ba mugun mutum ba ne, Allah ya ji ƙansa, iyalinsa sun ninka namu, kuma wurin da ake magana a kai shi ne mafi kyau a gonar don nan rairayi da ganye suka taru. Amma ran nan na ji haushinsa ƙwarai, har na ƙi gaishe shi da na fito.

Da bazara Baba ya ɗauki gatari da magirbi ya tumɓuke shingensa tun daga bakin daji har iyakar yayansa. Ya koma can kan tudun da ya kusa shafewa ya caka sabuwar aguwa. Hannunsa duk ya yi baƙi da danƙon ruwanta. Mutane na wucewa suna tsayawa kallo, wani ya ce ko rana ce ta taɓa shi, wani ya ce neman suna ne. Inna ma ba ta ji daɗi ba, ta ce, "Malam, ga ba taki bana, ga ka yanke gona, me za mu ci?" Ya ce, "In Baffa ya dawo ya ga hanya, zai zauna." Wannan kaɗai ya riƙe. Ba wanda ya bi sahunsa, ko mutum ɗaya. Burtali ya zama abin dariya, baki buɗe wangwam a wajenmu, daga iyakar Baba Babba kuma ya tsuke kamar wuyan gora. Daminar nan hatsinmu ya fito rawaya-rawaya, zangarniya ƙanana, karo na farko da na ga Inna tana auna tsaba tana mayar da kaɗan cikin ƙwarya.

Da kaka ta yi aka kwashe amfani, kullum sai na sami dalilin zuwa bakin burtali. Wata safiya ina tsintar kara na ji kukan shanu daga arewa, na yar da karan na ruga na kira Baba. Muka tarar garken ya tsaya a bakin daji, Baffa ya taho shi kaɗai, malfa a kai, sanda a gicciye bisa kafaɗu ya rataya hannuwa a kanta yadda suke yi. Suka gaisa da Baba, gaisuwa mai tsawo, iyali da dabbobi da gajiya. Sai ya shiga burtali yana tafe a hankali yana duban sabon shingen da ya riga ya yi ganye, yana duban filin da aka bari. Muna biye da shi. Da ya kai iyakar Baba Babba bai tsaya ba, ya ci gaba, sai ga bakin sandarsa na karce aguwa ta dama, ɗaya bakin na karce ta hagu. Ya tsaya a nan, ya juyo.

Ya ce, "Kaɗo, na ga aikinka. Wallahi na gani." Baba ya ce, "To a sauke kaya." Baffa ya girgiza kai ya ce, "Shanu ba sa tashi sama. Ta ina za su kai rijiya?" Baba ya ce, "Ni da yarana za mu jawo ruwan mu kawo musu nan." Baffa ya yi murmushi, idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "Ruwan garke a kan ƴaƴanka? Ba zan ci wannan alhakin ba." Ya sa aka shigo da shanun gonarmu suka wuni suna cin kara, wunin nan kaɗai. Ni da Dija muka zauna a gindin sabon shinge, ta yi tsawo ta fi ni, muka yi ta dariya. Na tambaye ta ina suka yi rani, ta nuna kudu da haɓa ta ce wani wuri mai tabki. Na tambaye ta ko za su dawo baɗi, ta ce ita ma ta tambaya ba a ba ta amsa ba. La'asar na yi suka kora. Baba ya raka su har bakin daji, ya daɗe a tsaye, sannan ya dawo gida. Ba su sake zuwa ba, kuma duk wanda na tambaya cikin Fulanin da ke kawo nono kasuwa, sai ya ce bai san inda suka nufa ba.

Gonar ba ta koma yadda take ba. Muka riƙa kai takin gida a mangala, abin da bai taka kara ya karya ba. Sau da yawa ana ce wa Baba ya mayar da shingensa tunda abin bai yi amfani ba, sai ya ce a bari tukuna. Duk bazara in zai toshe ɓaraka, ta cikin gona yake cakawa, ya koya wa ƙannena haka, har ya koma ga Allah. Yau aguwar ma ta ƙare a yawancin wurin, sai ƙaya da tsummokaran leda, burtalin kuwa ya zama ƴar hanyar da moto ɗaya ke bi, in amalanke ta shigo sai mai ƙafa ya hau gonar mutane. Wurin Baba kaɗai ya rage da faɗinsa. Nan masu amalanke ke kauce wa juna, nan yara ke buga ƙwallo da rani, ba wanda ya san dalili.

Bana kafin shuka ɗan ƙanena da ke noma gonar ya zo har Magariya ya same ni, don ni kaɗai na rage cikin ƴaƴan Baba. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya ce gona ta yi musu kaɗan, yara sun yi yawa, yana so ya shuka filin nan na bakin hanya. Na ba shi labarin nan duka kamar yadda na ba ku, yana saurare da ladabi. Da na gama ya ce, "Gwaggo, na ji. Amma shanun wa za su wuce?" Na san yana da gaskiya, na san yunwa ba ta san tarihi ba, kuma ni da na cika mutane da tambaya tun ina yarinya, ran nan aka yi mini wadda ba ni da amsarta. Na ce masa, "Ban sani ba, ɗana. Amma ka bar shi tukuna, in kun kai ni makwancina kun dawo sai ka shuka."